Ikon da ke nesa da kasuwa: jawabin taron cikar shekarar ƙungiya

Iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya, Alhazai da Hajiyoyi, shugabannin rassa, direbobi da 'yan kamasho, da baƙinmu da suka tsallako daga Katsina da Sakkwato da Kano da Jigawa, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma yi wa juna barka da ganin wannan rana.

Kwamitin shirya taro ya ɗora mana magana a kan muhawarar da ake yi a Nijeriya game da rage ikon gwamnatin tarayya da sauko da shi zuwa jihohi da ƙananan hukumomi. Wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwar Maraɗi ko na Ƙonni da kundin tsarin mulkin wata ƙasa. Amsar tana cikin littattafan bashinmu. Daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar kimanin kilomita 90 ce, daga Maraɗi zuwa Yamai kuwa ta haura kilomita 600. Wakenmu da albasarmu da dabbobinmu kudu suke yi, masara da taki da kayan masarufi daga can suke zuwa mana, kuma naira tana yawo a kasuwanninmu kamar sefa. Duk hukuncin da aka yanke a Abuja, kafin ya isa kunnen mutumin Legas ya riga ya isa aljihunmu. Ba siyasa muka zo yi ba, ba mu da ƙuri'a a can. Amma muna da dukiya a kan hanya, kuma da yawa daga cikinmu suna da 'ya'ya da surukai a tsallake.

Mu fara da abin da kowa a nan ya gani da idonsa. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayyar Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba tare da sanarwar da za ta ba mai kaya damar ƙarasa tafiyarsa ba. Dalilin da aka bayar shi ne shigo da shinkafar waje da makamai da fitar da man fetur ta ɓarauniyar hanya. Shinkafar da ake magana galibinta ta tashar Kwatano take bi, amma da aka tashi rufewa ba a bambance mai shinkafar Tailan da mai albasar Galmi ba. A watan Nuwamba na wannan shekara aka ƙara da hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wanda ya sa mutumin Jibiya da na Illela, 'yan ƙasa a cikin ƙasarsu, suka koma sayen mai da tsada fiye da kowa. Sai ranar 16 ga Disamban 2020 aka buɗe ƙofofi huɗu: Seme, Illela, Maigatari da Mfum. Jibiya da Kamba kuwa suka ci gaba da zama a rufe har watan Afrilun 2022. Ku lissafa da kanku: shekara biyu da wata takwas babbar ƙofar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina tana garƙame.

Dattawanmu za su ce wannan ba shi ne na farko ba. A watan Afrilun 1984 an rufe iyakar, an kuma canza kuɗi a lokaci guda, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta zo daidai da fari, har mutanen karkararmu suka laƙaba wa yunwar wancan lokaci sunan shugaban da ya ba da umarnin. Har yau idan tsoho ya ce shekarar El-Buhari, an san abin da yake nufi.

Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan lokuta babu gwamna ko ɗaya a jihohi bakwai da ke maƙwabtaka da mu, wato Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, da yake da ikon cewa a dakata. Ba don ba su san halin da ake ciki ba. Sun fi kowa sani, domin kasuwannin jihohinsu ne suka mutu. Jihar Jigawa ta zuba kuɗi a Maigatari don ta zama yankin ciniki na musamman a bakin iyaka, amma mabuɗin ƙofar ba a Dutse yake ba. Mai ɗaki ne, sai dai an kulle shi daga waje.

Dalilin haka yana cikin kundin tsarin mulkin 1999. Tun farko ya zo da jerin abubuwa 68 da aka keɓe wa gwamnatin tarayya ita kaɗai. Kwastan yana ciki, shige da fice yana ciki, buga kuɗi, 'yan sanda, ma'adinai, manyan hanyoyin tarayya, ciniki tsakanin Nijeriya da wasu ƙasashe da ma tsakanin jiha da jiha. Har awo da ma'auni suna ciki, ko da yake ba mu taɓa ganin wanda ya taso daga Abuja don ya duba ko tiyar Dawanau ta yi daidai da ta Jibiya ba. Idan aka zo rabon kuɗin asusun tarayya, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 36 su raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba kashi 20.60. Wanda ya riƙe fiye da rabin tukunya, shi ake kallo ko da ba ya kusa da murhu.

Ba haka abin yake tun asali ba. A jamhuriya ta farko kowane yanki yana da nasa kundin tsarin mulki. Jihar Arewa tana da firimiyanta a Kaduna, tana da hukumar sayen amfanin gona tata, da kuɗin gyaɗa da auduga aka yi ayyuka irin su Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Zariya a 1962. En'e tana da 'yan dokarta da kotunanta da gidan yarinta. Tsarin 1963 ya bar wa yankin da aka haƙo ma'adini a cikinsa rabin kuɗin da aka samu, saɓanin kashi 13 da ake ba jihohin mai a yau. Sojoji ne suka juya lamarin. A watan Mayun 1966 Janar Ironsi ya fitar da doka ta 34 wadda ta soke tsarin tarayya baki ɗaya. An soke dokar bayan kifar da shi, amma ruhinta bai mutu ba, domin soja bai san wani tsari ba sai umarni daga sama. Gowon ya raba ƙasar jihohi 12 a 1967, suka zama 19 a 1976, Katsina ta samu jiharta a 1987, Jigawa da Kebbi da Yobe a 1991, Zamfara a 1996. Duk lokacin da aka ƙara yawan jihohi sai kowace ta ƙara ƙanƙancewa, kuɗin mai kuma yana ta taruwa a tsakiya. A ƙarshe aka wayi gari yawancin gwamnoni ba sa iya biyan albashi sai kason wata ya iso.

Masu kewar wancan zamani suna yawan mantawa da rabin labarin. Hukumar sayen amfanin gona tana biyan manomi ƙasa da farashin duniya, shi ya sa gyaɗa take bin dare ta tsallaka duk gefen da farashi ya fi. 'Yan dokar En'e kuma, ku tambayi duk wanda mahaifinsa ya yi NEPU yadda suka sha a hannunsu. Ikon da ke kusa da kai yana jin kukanka, amma kuma ya san ƙofar gidanka.

A 'yan shekarun nan an fara sassauta igiyar. A watan Maris na 2023 shugaba Buhari ya sanya hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa da gidajen yari, da samar da lantarki da rarraba shi ko a wuraren da babban layin ƙasa ya kai. A watan Yunin wannan shekara shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki, wasu jihohi kuma sun riga sun kafa nasu hukumomin kula da wutar. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Dokokin harajin da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025 sun rage kason tarayya a harajin VAT daga kashi 15 zuwa 10, suka ƙara na jihohi daga 50 zuwa 55. Maganar 'yan sandan jihohi ma ta bar bakin 'yan adawa ta shiga zauren gwamnoni da fadar shugaban ƙasa.

Akwai misali guda da ya kamata mu riƙe, domin ya nuna amfanin a ce akwai wani mai iko ban da na tsakiya. Lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, aka ba da wa'adin ƙarshen Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairun 2023. Kun tuna yadda kasuwannin dabbobi suka tsaya cik, mai saye yana da kuɗi a banki ba ya iya cira, mai sayarwa ba shi da asusu balle a tura masa. Mu da ke wannan gefe abin ya fi yi mana ciwo, domin muna riƙe da tsofaffin takardu kuma ba mu da reshen bankin da za mu kai. Waɗanda suka kai gwamnatin tarayya ƙara su ne jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara, wasu suka biyo baya. Ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, ta kuma soki yadda aka aiwatar da sauyin ba tare da isasshiyar sanarwa da shawara ba. Ko mene ne ya sa gwamnonin suka tashi, kuma kowa ya san zaɓe ya gabato a lokacin, jarin mutane da yawa a wannan zaure ya tsira ne saboda jiha tana da bakin da za ta ja da tarayya a gaban alƙali.

Haka kuma a 2023, bayan sauyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, da ECOWAS, wato CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka aka yanke wutar da ke zuwa mana, muryoyin da suka fi fitowa fili suna cewa a bi a hankali daga Arewa suka fito: sanatoci, sarakuna, malamai da 'yan kasuwa. Su ne suka san cewa wanda ke Ɗan Isa da wanda ke Magama kakansu ɗaya, kuma layin da Ingila da Faransa suka ja a farkon ƙarnin jiya bai raba makabarta ba. Ba su da ikon buɗe ƙofa, amma sun taimaka wajen hana abin ya kai ga harbi. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, aka buɗe iyakar a watan Maris.

To, 'yan uwa, a nan ne muke son mu ɗan tsaya, domin a zaman shayi muna yawan jin ana cewa da za a bar wa kowace jiha komai nata da mun huta. Ba mu yarda da wannan ba, kuma dalilinmu yana kan titi.

Ku ɗauki tirelar shanu ko ta albasa da ta tashi daga Illela za ta Legas ko Fatakwal. Kuɗin kwastan sau ɗaya ake biya, an san adadinsa, akwai takarda. Abin da ke cinye riba shi ne abin da ke biyo baya: wannan jiha tana son kuɗin amfanin gona, waccan tana son kuɗin duba lafiyar dabba, wannan ƙaramar hukuma tana da sitika, ta gaba ba ta san sitikar ba sai tata, ga masu sanda da ƙusa a katako waɗanda ba ka ma san wa suke wakilta ba. Galibin waɗannan ba da sunan tarayya ake karɓarsu ba, da sunan jiha ne da ƙaramar hukuma. Kuma a 1998 an yi dokar tarayya da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta kuma haramta kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. An yi dokar, amma shingayen suna nan. A wannan wuri ba ƙarancin ikon jiha ne ke damunmu ba, gazawar tarayya ce ta yi aikin da yake nata na gaskiya, wato ta tsare hanya ta zama ɗaya daga iyaka zuwa teku. Idan aka ba kowace jiha wuƙa da nama a kan kayan da ke wucewa, za mu tashi daga iyaka ɗaya mu koma iyaka goma kafin mu sauke kaya.

Kada kuma mu manta da 2021. A cikin watannin Agusta da Satumba na wannan shekara, gwamnatocin Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna suka ɗauki matakan tsaro: an rufe kasuwannin mako da na dabbobi a wurare da dama, an hana jigilar shanu a mota, an taƙaita sayar da mai a jarka, an katse layukan waya, Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure. Ba muna cewa babu dalili ba, kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa yankin. Muna cewa ne gwamna ma yana iya rufe kasuwa da sanarwar dare ɗaya, kamar yadda shugaban ƙasa yake iya rufe iyaka. Wanda ya sayi raguna ranar Lahadi don ya sayar ranar Laraba bai damu da wane mataki na gwamnati ya sa hannu ba.

Sai maganar ƙaramar hukuma, wadda ita ce ta fi kusa da mu. Tsarin mulkin Nijeriya ya ɗora mata gina kasuwa da kula da ita, da tashar mota da mahauta. Ita ke yanka rasit a Jibiya da Maigatari da Illela da Mai'aduwa. Amma shekara da shekaru kuɗinta yana bi ta asusun haɗin gwiwa da gwamna ke riƙe da shi, kuma zaɓenta hukumar zaɓen jiha ce ke shiryawa, inda aka saba ganin jam'iyyar gwamna ta lashe kujeru kusan duka. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2024 ya zo don gyara wannan, sai dai aiwatar da shi yana tafiyar hawainiya. Gwamnonin da suka fi kowa ɗaga murya cewa Abuja ta sakar musu mara, da yawansu ba su shirya sakar wa ciyaman tasa ba. Idan iko ya taso daga Abuja ya maƙale a gidan gwamnati, ɗan kasuwa bai ga canji ba, an dai rage masa kuɗin motar zuwa kai kuka.

Mu waiwayo gida. Nijar ba tarayya ba ce, gwamna da farefe daga Yamai ake naɗo su. Amma mu ma mun yi tafiyarmu ta sauko da iko. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995 ta ƙunshi alƙawarin haka, dokokin 2002 suka shata tsarin, a watan Yulin 2004 aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi 265, a 2011 aka ƙara da majalisun jihohi. A 2016 aka fitar da dokokin miƙa musu wani ɓangare na harkar ilimi da lafiya da ruwa da muhalli. Abin da kowane magajin gari zai gaya muku shi ne an miƙo aikin, kuɗin bai biyo shi yadda ya kamata ba. Shi ya sa idonsa yake kan kasuwa: kuɗin rumfa, kuɗin tasha, kuɗin kan dabba. A garuruwa da yawa ranar kasuwa ita ce ranar albashin ma'aikatan magajin gari. Wato mu ne muke ɗauke da ƙaramar hukuma a kafaɗa, ko mun sani ko ba mu sani ba. A watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun aka naɗa kantomomi. Ba mu zo yanke hukunci a kan wannan ba, ƙasa tana cikin halin da kowa ya sani. Abin da ya shafe mu shi ne rasit bai daina fita ba, don haka tambayar ina kuɗin ya tafi ba ta daina zama haƙƙinmu ba, ko zaɓaɓɓe ne a kujerar ko naɗaɗɗe.

Kuma gaskiya ɗaya ce ko ta wane gefe aka faɗe ta: hukuncin nesa ba daga Abuja kaɗai yake zuwa ba. Gadar Gaya zuwa Malanbil ta ci gaba da zama a rufe bayan ɗage takunkumi, kayan da suka saba zuwa daga Kwatano cikin 'yan kwanaki suka koma zagayowa ta Lome da Burkina cikin rakiyar sojoji. A watan Oktoban 2024 aka hana fitar da hatsi zuwa waje ban da Mali da Burkina, don a sauko da farashi a gida. Mai saye a gari ya ji daɗi, kuma ba ma ƙin a ciyar da gida kafin dawa. Amma wanda ya riga ya karɓi kuɗin abokin cinikinsa na Dawanau ya tara kaya a sito, shi ma ɗan ƙasa ne, kuma da an ba shi ko da mako biyu da ya sauke nauyin da ke kansa. Tun ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO, wanda ke nufin dokokin zirga-zirga da na haraji tsakaninmu da Nijeriya sun dogara ga abin da manya za su daidaita a kai. A irin wannan lokaci ne aka fi buƙatar wani a teburin da ya san farashin buhu.

Mene ne matsayinmu ke nan? A ganinmu akwai abin da dole ya zauna a tsakiya. Kuɗi ɗaya, kuɗin fito ɗaya, fasfo ɗaya, sojan ƙasa ɗaya. Babu ɗan kasuwa mai hankali da zai so Katsina ta sa nata kuɗin kwastan, Jigawa ta sa nata. Abin da muke so a rage wa tsakiya shi ne ikon yanke hukunci a kan rayuwar mutanen iyaka ba tare da an ji ta bakinsu ba. Rage iko ba lallai sai an ƙwace shi an ba wani ba. Ana rage shi ta hanyar ɗaure shi da sharaɗi: kafin a rufe ƙofa saboda dalilin ciniki a ba da wa'adi a rubuce, a bar kayan da suka riga suka hau hanya su wuce, musamman masu lalacewa irin albasa da tumatir da barkono da dabba mai rai, a saurari gwamnonin jihohin iyaka da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, a kuma faɗi ranar da za a sake duba matakin. Idan yaƙi ne ko annoba, wannan daban, babu mai jayayya. Amma shinkafa ba ta faɗo daga sama cikin dare ba.

Sai abin da ya fi dacewa da jiha da ƙaramar hukuma, domin su ne ke ganinsa kullum: hanyar da ta taso daga ƙauye zuwa kasuwa, rumfuna da sito, ruwa da makewayi a tasha, wutar da za ta riƙe ɗakin sanyi, mahauta, tsaron kasuwa da daddare. A nan muna goyon bayan a sakar musu iko da kuɗi duka biyu, da sharaɗin rasit ɗaya da ake ganewa daga gari zuwa gari, da allo a bakin kasuwa da ke nuna abin da aka tara a wata da abin da aka yi da shi. Game da 'yan sandan jiha, ra'ayin 'yan kwamitinmu ya rabu, kuma ba za mu ɓoye ba. Masu bin hanyar Gusau da Funtuwa suna cewa duk wanda zai tsare musu rai suna maraba da shi, suna nuni da rundunonin sa-kai da Katsina ta kafa a 2023 da Zamfara a 2024. Masu dogon zango zuwa kudu suna tsoron ranar da baƙon direba zai tsaya gaban ɗan sandan da gwamnan wata jiha ke biya, a lokacin da ake zaman doya da manja, kamar yadda aka gani bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a 2021. Duka biyun suna da hujja. Abin da muka haɗu a kai shi ne, idan har za a yi, manyan hanyoyin da ke ratsa jihohi su kasance ƙarƙashin doka ɗaya.

Akwai kuma matakin da ba ya buƙatar a taɓa tsarin mulkin kowa. Tun 1971 akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar mai mazauni a Yamai, kuma a ƙarƙashinta aka daɗe ana maganar zirin Kano, Katsina da Maraɗi. A 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun zo Maraɗi sun zauna da gwamnanmu a kan tsaro. Ke nan hanyar a buɗe take, ba a dai saba bin ta ba sai wuta ta kama. Yawancin abin da ke tsayar da mota kwana uku a bakin iyaka ba ya buƙatar minista: saɓanin takarda ne, ko lokacin buɗe ƙofa da bai zo ɗaya ba, ko direban da aka tsare ba a sanar da kowa ba. Farefe da ciyaman da shugabannin jami'an ƙofa na gefe biyu da wakilinmu za su iya kashe irin wannan a zama ɗaya, in an ba su izinin zama.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, yana tafe ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da jirgin ya fara aiki za a yanke hukunci a kan inda za a duba kaya, wa zai yi lodi da sauke, nawa ne kuɗin tan, da ko ƙaramin ɗan kasuwa mai buhu hamsin zai samu gurbi a tarago ko sai mai kwantena. Idan muka yi shiru, za a tsara komai a ofisoshin Abuja da Yamai, mu ji a rediyo. Direbobinmu da 'yan dako da masu masauki a Ɗan Isa da Magama su ne za su fara ji a jikinsu.

Saboda haka kwamitin zartarwa yana kawo wa wannan taro shawara biyu don a tattauna bayan an ci abinci. Ta farko, kowane reshe ya ba direbobinsa littafi su riƙa rubuta duk inda aka tsayar da su, da abin da aka karɓa, da ko an ba da rasit, da sunan wace hukuma aka karɓa, na tsawon wata uku, daga ƙofar Ƙonni da ta Ɗan Isa da ta Ɗan Barto da ta Gaya. Ba a son sunan mutum, wuri da adadi kawai. Idan muka je gaban gwamna ko kantoma da baki, za a ba mu shayi a sallame mu, amma takarda mai kwanan wata tana da wuyar musantawa. Ta biyu, mu rubuta wa takwarorinmu na Katsina da Sakkwato da Kano da Jigawa, waɗanda wasunsu suna zaune tare da mu yanzu, mu nemi a fitar da takarda ɗaya mai sa hannun gefe biyu a kan maganar wa'adi kafin rufe ƙofa da kuma kujerar 'yan kasuwa a zaman jami'an iyaka. Su su kai wa gwamnoninsu da 'yan majalisarsu, mu kuma mu kai wa gwamnonin Maraɗi da Tawa da Damagaram da Doso da zauren 'yan kasuwa na ƙasa.

Sakatare yana da samfurin littafin a teburin bakin ƙofa. Shugabannin rassa su karɓi nasu kafin su tafi, su kuma ba shi sunan mutum ɗaya daga kowace tasha da zai riƙa tattara shafukan a ƙarshen kowane wata.